Bitar aikin matasan da suka tsara wa shagon takalmanmu shafin intanet

Shekara guda da 'yan watanni ke nan tun da wani ƙaramin kamfani na matasa a nan Kano ya tsara wa shagonmu shafin intanet, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani a aikin nasu, domin 'yan kasuwa da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sana'armu dukanci ce. Muna ɗinka takalman fata na maza, sau-ciki da hafshu da silifa, tare da 'yan jakunkunan mata, a wani shago da ke kusa da Ƙofar Wambai, ni da yara shida. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda akwai inda zan yaba musu ƙwarai, akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son ƙorafin ya zama sanadin taɓa abincin yaran da suka yi mini aiki da gaskiya a mafi yawan abin da suka ɗauka.

Kafin na je wurinsu, duk cinikinmu na nesa ta Instagram da WhatsApp yake tafiya, kuma ban taɓa jin cewa akwai abin da ya rage mana ba sai da abubuwa biyu suka faru a shekara ɗaya. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, aka shafe wata bakwai kafin a buɗe shi a Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka tsaya cak na kusan sa'a shida, tun bayan la'asar har dare ya yi nisa. Duk wanda yake cin abinci ta waya yana tuna wannan yammacin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa rumfar da muke baje koli a cikinta ta aro ce, mai ita yana iya rufe ƙofa, hukuma ma tana iya rufewa, ba tare da an nemi shawararmu ba. Na daɗe ina juya maganar a zuciya kafin na tashi neman wanda zai gina mana wuri namu na kanmu.

Da na je, abin da ke kaina babba ne. Ina son shafi irin na Jumia, mai ɗaruruwan kaya, da manhajar da za a sauke a waya, da hotuna masu motsi a fuskar farko. Shugaban nasu, matashi ne da bai wuce sa'ar babban ɗana ba, ya saurare ni har na gama, sannan ya nemi izinin zuwa shago. Ranar da ya zo, littafin rubutu da biro kawai ya riƙo. Ya zauna a kan benci tsakanin tarin fatu da gwangwanin gam, ya ce: "Alhaji, kafin mu yi maganar launi da hoto, ina roƙon ka nuna mini mutum ashirin na ƙarshe da suka sayi takalmi daga wajen Kano. Ta ina suka san ka, me suka tambaya kafin su biya, kuma ta wace hanya kuɗin ya iso?" Na ce masa, "Ɗana, wannan ai sai an buɗe littafi." Ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan.

Zama biyu muka yi a kan wannan tambayar, ni da shi da yaron da ke riƙe da wayar shago, muna bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya muna gwada su da littafin ciniki, kuma a nan ne na fara gane abin da nake biya. Na yi shekaru ina wannan sana'a, amma ban taɓa zama na jera masu sayen kayana ta wannan fuskar ba. Ya bayyana cewa mafi yawan masu saye daga nesa suna Abuja da Kaduna da Legas, sai wasu kaɗan a Yamai da Maraɗi, kuma kusan kowannensu tambayoyi huɗu yake yi kafin ya saki kuɗi: nawa ne, akwai lambar ƙafata, fata ce ta gaske ko roba, kwana nawa zai yi kafin ya iso. Yaron shago yana kashe rabin yininsa yana maimaita amsoshin nan huɗu ga mutanen da yawancinsu ba za su saya ba. Ya kuma bayyana cewa masu sari, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, su ne suke ɗauke da kaso mafi tsoka na ribarmu, sai odar angwaye da abokan ango, sannan cunkoson da ke zuwa gabanin ƙaramar Sallah da babba. Duk wannan yana cikin littafina tun da daɗewa, shi dai ya san tambayar da za ta fito da shi.

Bayan mako guda ya dawo da takarda mai shafi huɗu, wadda ita ce tsarin aikin, kuma har yau tana cikin durowar teburina. A saman ta an rubuta manufar shafin a jimla biyu: ya amsa tambayoyin nan huɗu kafin mutum ya yi mana magana, sannan ya ba mai sari da bai taɓa ganinmu ba ƙwarin gwiwar turo kuɗi mai yawa. Duk abin da bai taimaka wa ɗaya daga cikin biyun ba, an jera shi a ƙarshen takardar ƙarƙashin abubuwan da za a jinkirta, kuma manhajar da nake so da hotuna masu motsi suna cikinsu. Gaba ɗaya shafin ya tsaya a sassa biyar: fuskar farko, jerin kaya, yadda ake auna ƙafa, sashen masu sari da odar biki, da sashen da ke bayyana ko mu su wane ne da inda muke. Ya kuma ba da shawarar kada mu sa fiye da samfur ashirin da huɗu da farko, waɗanda muka tabbatar za mu iya ɗinkawa a kowane lokaci, domin a cewarsa babu abin da ke kashe amana kamar mutum ya zaɓi takalmi a shafi a ce masa wannan fatar ta ƙare tun bara.

Ban karɓi wannan da sauƙi ba. Na ji kamar an rage mini daraja, na kuma yi zargin ko aikin ne suke gudu. Amma da na lura cewa ƙaramin shafin ya fi arha, wato su ne za su yi asarar kuɗin da na zo da niyyar kashewa, sai na gane shawarar ta gaskiya ce. Wannan shi ne babban abin da nake yaba musu a kai, kuma shi ne ma'aunin da nake ba duk wanda ya tambaye ni: idan mai tsara shafi ya fara nuna maka samfurin zane kafin ya tambaye ka su wane ne masu sayen kayanka, to zane zai sayar maka, kuma zane yana da arha a ko'ina.

Abu na biyu da suka yi daidai shi ne batun mallaka. Sunan shafin, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same mu, an yi rajistarsa da sunana, da imel ɗina, da lambar wayata, a gabana, kuma ni na sa kalmar sirri da hannuna. Mun zaɓi wanda ya ƙare da .com.ng, wanda ke ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 domin kula da sunayen intanet na Najeriya, kuma ana biyan kuɗinsa da naira duk shekara ta hannun dillalan da ta amince da su. Na san muhimmancin wannan ne saboda abin da ya sami wani maƙwabcinmu mai sayar da huluna, wanda wani ya gina masa shafi ya yi rajistar sunan da nasa bayanan, daga baya suka saɓa, mutumin ya daina ɗaga waya, shekara ta zagayo sunan ya mutu, alhali an riga an buga shi a jikin leda da kati da allon shago. Haka kuma hayar ma'ajiyar da shafin ke zaune a ciki, sun nemo mana kamfanin da ke karɓar naira. Dalilinsu a fili yake. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, don haka duk ƙaramin ɗan kasuwar da ya ɗaura wa kansa biyan dala kowane wata ya ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Saboda wannan ne suka ce mu bar irin su Shopify, dandalin buɗe shagon intanet da ake biyan hayarsa da dala, duk da sun yarda cewa yana da sauƙin sarrafawa.

An gina shafin da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, aka ɗora masa wata ƙaramar manhaja mai suna WooCommerce domin jerin kaya da oda. Da na tambayi dalili, amsar da shugaban nasu ya ba ni ta ƙara mini natsuwa da shi. Ya ce WordPress yana nan tun 2003, kyauta ne, fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya da shi aka gina su, WooCommerce kuma tun 2011 ake amfani da shi, saboda haka, "Alhaji, ko gobe ka sallame mu, ko Allah ya yi mana tafiya, akwai ɗaruruwan yara a Kano da za su buɗe shi su gane komai." Mutumin da ya gina maka abu ta yadda za ka iya rabuwa da shi ba tare da ka yi asara ba ya cancanci a riƙe shi.

A batun biyan kuɗi mun ɗan ja. Ni ina ganin shafi ba ya cika sai da biya ta kati, su kuma suka nuna mini daga littafina cewa kusan kowa tiransifa yake yi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya koya wa har tsofaffi tura kuɗi ta waya. A ƙarshe muka bar hanya biyu. Akwai maɓallin da ke kai mutum WhatsApp da saƙo a rubuce, ɗauke da sunan takalmin da launi da lamba, akwai kuma biya kai tsaye ta Paystack, kamfanin Legas da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, wanda Stripe na Amurka ya saya a Oktoban 2020. A lokacin da muka yi rajista, abin da suke cira a cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin, wato takalmin naira 20,000 za a cire naira 400. Na ga wannan ya yi daidai idan aka gwada da abin da yake karewa, domin kuɗin da ya shigo ta nan babu maganar alat na bogi ko hoton rasit da aka gyara, abin da ya addabi 'yan kasuwa a 'yan shekarun nan. Duk da haka, maganarsu ce ta tabbata: mafi yawan mutane maɓallin WhatsApp suke dannawa, suna son su ji muryar mutum kafin su rabu da kuɗinsu.

Ranar ɗaukar hoto ita ce ranar da na fi jin daɗin aikin. Abokiyar aikin shugaban nasu ce ta zo da sassafe, ta shimfiɗa farin yadi a kan tebur a bakin ƙofa inda hasken safiya ke faɗowa a kaikaice, ta hana a kunna fitila. Kowane takalmi ta ɗauke shi ta fuska huɗu, har da cikinsa da tafinsa, sannan ta matso da kyamara dab da ɗinkin gefe har ana iya ƙirga zaren. Da babban yaronmu ya miƙo mata wani hafshu da ya sha mai yana ƙyalli, sai ta ce, "Yayana, goge shi kaɗan, idan ya yi ƙyalli da yawa za a ɗauka roba ce." Ta kuma sa aka ɗauki hoton hannunsa yana huda fata da basilla, wanda shi ne yanzu a fuskar farko. Sashen auna ƙafa ma ita ta tsara shi: mutum ya taka farar takarda, ya zagaye ƙafarsa da biro, ya auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da santimita, sannan ya duba jadawalin da ya nuna lambar da ta dace daga 39 zuwa 46 bisa ɗinkinmu. Tun da aka sa wannan, dawo da takalmi saboda ya matse ko ya yi yawa ya ragu sosai, kuma duk baduku ya san cewa dawo da kaya daga Legas yana cinye ribar takalmi biyu.

Sun kuma kula da nauyin shafin. Kafin su miƙa shi, sun gwada shi a kan tsohuwar Itel ta ɗaya daga cikin yaranmu, a cikin shago inda sabis ke da rauni, suka dinga rage nauyin hotuna har sai da ya riƙa buɗewa ba tare da an gaji da jira ba. Mai saye da ke lissafin datarsa ba zai tsaya wa shafi mai nauyi ba. Sun sa masa takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce kuma tana sabunta kanta, domin tun Yulin 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, yake rubuta gargaɗin rashin tsaro a kan duk shafin da ba shi da ita. Na ambaci cewa kyauta ce saboda na ji ana cajin wasu 'yan kasuwa kuɗi mai yawa a kanta.

Yanzu sai inda suka gaza, kuma na farko ya taɓa ni sosai domin ya shafi harshe. Mun yi yarjejeniya shafin zai kasance da Hausa da Turanci. Abin da suka yi shi ne suka rubuta Turancin, suka zuba shi a na'urar fassara, suka liƙa abin da ya fito. Da na karanta, na rasa gane kayan da nake sayarwa. Babu sau-ciki, babu hafshu, sai wasu dogayen jimloli da babu Bahaushen da zai furta su a kasuwa. Bugu da ƙari, salon haruffan da suka zaɓa ba ya ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka duk inda kalmar ƙafa ta fito sai a ga ɗan akwati a farkonta, a shafin da rabin maganarsa a kan ƙafa ne. Matasan nan Hausawa ne, a Kano aka haife su, abin da ya sa na kasa yi musu uzuri ke nan. Sun ɗauki Hausar a matsayin ƙari da za a cika alkawari da shi, alhali da ita mafi yawan masu sayen kayana suke yi mini magana. Sai da na zauna dare uku da 'yata muka sake rubuta komai, su kuma suka canza haruffan. Daga baya sun yi wani abu mai kyau, wanda ya kamata a ce tun farko suka yi: suka duba yadda mutane ke rubuta bincike a waya, inda galibi ba a sa ƙugiya a haruffa, suka tabbatar cewa wanda ya rubuta kalma da ƙugiya da wanda ya rubuta ba tare da ita ba duk za su sami kayan a akwatin binciken shafin.

Sashen tarihinmu ma haka suka cika shi da maganganun da za su dace da kowane shago a duniya, irin su inganci da gamsar da abokin ciniki. Na goge su, na rubuta abin da na gada: cewa fatar jan akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa ta daɗe tana ratsa Sahara a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar can ta isa gare su, kuma cewa har yau daga majema na cikin birni da kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa muke sayen fatarmu. Wani mai sari daga Legas ya gaya mini cewa wannan sakin layin ne ya sa ya kira. Mai tsara shafi ba zai san irin wannan ba sai ya tambaya, kuma su da suka iya tambaya a kan ciniki, ba su yi ta a kan wannan ba.

Gazawa ta biyu ta fi tsada. Takardar tsarin ta faɗi kuɗin gini dalla-dalla, amma ba ta ce komai ba a kan kulawa bayan an gama. Koyarwar da suka yi wa yaron shago ba ta wuce sa'a ɗaya ba, a ranar miƙa aiki, cikin gaggawa. WordPress kuwa abu ne mai buƙatar a riƙa sabunta shi da ƙananan manhajojin da ke jikinsa. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da oda ta fi yawa a duk shekara, yaron ya ga saƙon sabuntawa ya danna, jerin kaya ya ɓace gaba ɗaya, sai farin fili. Na kira, na tura saƙo, kwana uku babu amsa, domin shugaban ya yi tafiya kuma bai bar wa kowa ragamar aikinmu ba. Da ya dawo ya gyara cikin ƙasa da sa'a guda, saboda sun tanadi kwafin shafin da ake ajiyewa kowane mako, wanda wannan ma abin yabo ne. Ya ba da haƙuri ba tare da kawo hujja ba. Amma a ranar ne na fara jin cewa akwai yarjejeniyar kulawa ta wata-wata da ake biya daban. Da an faɗa mini tun farko da na biya, kuma da na san ainihin abin da shafin zai riƙa ci a shekara kafin na shiga. Tsarin da ya tsaya a ranar buɗe shafi bai cika ba, kuma na faɗa masa haka a gaban abokan aikinsa.

Akwai kuma batun aika kaya, wanda suka sa masa farashi ɗaya ga ko'ina a Najeriya, abin da bai dace da yadda muke aiki ba, tunda wani kayan ta tasha muke ba direba, wani ta kamfanin aika saƙo, kuma kuɗin Kaduna ba ɗaya yake da na Fatakwal ba. Mun gyara shi zuwa shiyya uku. Masu sayenmu na Nijar kuwa an manta da su gaba ɗaya, babu bayanin yadda za su biya da sefa, babu ko layi ɗaya na Faransanci, duk da cewa su da kansu suka gano su a littafina.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne cewa aikin da ya fi kawo mana sababbin fuskoki a shago bai ci ko kwabo ba. Sun yi mana rajista a Google Business Profile, wanda ke sa shago ya fito a taswirar Google, suka sa hotuna da lokutan buɗewa da rufewa, har da lura cewa muna rufewa lokacin sallar Juma'a, sannan matashin ya tsaya a ƙofar shago da wayarsa ya daidaita alamar taswira a daidai inda muke, domin lungunan cikin birni suna ɓatar da baƙo. Yanzu baƙin da suka zo Kano biki ko aiki suna shigowa da waya a hannu suna cewa taswira ce ta kawo su. Sun kuma sa lambar rajistarmu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da hoton gaban shago a shafin, saboda mai sari ya iya bincikawa da kansa. A fom ɗin oda sun rage tambayoyi zuwa suna da lambar waya da adireshin kai kaya kawai, suka yi mini bayanin cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane nauyin tsare su, suka kuma gargaɗi yarana kada su zuba lambobin kwastomomi a rukunin talla ba da izininsu ba.

Game da auna sakamako, sun haɗa shafin da Google Search Console, wanda ke nuna yadda mutane ke samun shafi ta binciken Google, suka ce kada in wahalar da kaina da jadawalai masu yawa, in riƙa duba abu uku a ƙarshen wata: kalmomin da mutane suka rubuta suka same mu, yawan waɗanda suka danna maɓallin WhatsApp, da yawan waɗanda suka saya a cikinsu. Na ƙara da nawa, wato duk sabon mai saye sai yaro ya tambaye shi ta ina ya same mu ya rubuta a gefen littafi. Abin da wannan ya nuna mini shi ne cewa shafin bai maye gurbin Instagram ba, har yanzu a can mafi yawan mutane suke fara ganin kayanmu. Abin da ya canza shi ne irin saƙon da ke shigowa. Da, saƙo yakan fara da tambayar farashi ya ƙare da shiru. Yanzu yakan zo da sunan takalmi da lamba da garin da za a kai, abin da ya rage kawai a tabbatar a tura lambar asusu. Mun kuma sami masu sari biyu da ba mu taɓa haɗuwa da su ido da ido ba, kuma cinikinsu kaɗai ya mayar da kuɗin aikin.

Ina ba da shawarar irin wannan hidima ga mai sana'ar da kayansa ke tafiya nesa, wanda yake da samfura tsayayyu da farashi tsayayye, kuma yake da wanda zai zauna a kan waya ya amsa saƙo cikin lokaci. Wanda cinikinsa na unguwa ne, ko wanda farashinsa ke canzawa kowace safiya, rajistar taswirar Google da jerin kaya na WhatsApp Business sun ishe shi a yanzu, kuma na ji matashin nan da kansa ya faɗa wa wani mai shagon kayan masarufi haka, ya mayar masa da kuɗin kafin alƙalami. Wanda zai shiga kuwa, ya nemi a rubuta masa kuɗin shekara gaba ɗaya kafin a fara, ya ga sunansa a rajistar adireshin da idonsa, ya karanta Hausar da kansa kafin a buɗe shafin, ya kuma san wanda zai kira idan shugaban ba ya gari.

A watan jiya na sabunta aiki da su na wata shekarar, wannan karon da takardar da ta ce za a amsa kirana cikin yini ɗaya, ba za a taɓa sabunta komai ba daga tsakiyar azumi har bayan Sallah, kuma za a ba yaron shago horo na zama huɗu. Aikin da ke gabanmu shi ne sashen Faransanci da farashin sefa domin mutanen Yamai da Maraɗi, kuma mun amince cewa wani malamin makaranta ɗan Damagaram da ke sayen takalmi a wurinmu shi zai rubuta shi da hannunsa.